Zauren Kwamfuta da Muryar Baba

Kwamfutata tana da zaure. Haka abokina da ya haɗa mini ita ya kira abin, ni ma na bi bakinsa. In ka kunna ta, kafin komai sai wani baƙin shafi ya fito da layi biyu na farin rubutu, ya tsaya yana jiran ka zaɓa. Layin ƙasa yana kai ka tsarin da aka sayo ta da shi, irin wanda ke kowane buro, wato ofis. Layin sama kuma yana kai ka wani tsari na kyauta da abokin nawa ya dasa mata da hannunsa, lokacin muna koyarwa a lakwal ɗaya, wato makarantar boko, a Birnin Konni. Gida biyu ke nan a cikin kwamfuta ɗaya, kuma ta zauren nan kaɗai ake shiga kowanne. Ya ce duk abin da nake so da gaske in ajiye shi a gidan sama, don cututtukan da abokan aiki ke kwasowa a filashinsu ba su san hanyar can ba.

Abin da nake so da gaske guda ɗaya ne, muryar Baba. A kakar da ta zama ta ƙarshe a rayuwarsa na je gida Dogarawa hutu, na zaunar da shi a gindin rumbu, na buɗe kwamfutar a gabansa na ce ya yi magana. Da farko ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai yi hira da faranti, daga baya kuma ya ɓalle har sai da rana ta karkata. Na ajiye muryar a gidan sama. Kafin damina ta sauka ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin shaida, kuma a ciki ya zare ido kamar wanda aka kama da ragon mutane.

Bayan sadakar uku na gaya wa Inna cewa muryarsa tana wurina. Ta ce in bari sai ta fita takaba. Ta ce ba za ta iya zaman da aka ɗora mata ba in tana jin shi yana magana a cikin ɗakin. Amma ranar da za ta fita, kafin 'yan'uwanta su tafi da ita ƙauyensu na wajen Illela ta huta, tana so ta ji shi. Na yi mata alkawari. Ni kaina ban saurara ba a duk watannin nan, na kan kai hannu sai zuciyata ta karye in rufe.

Sai taubashina ya shigo maganar. Ɗan Gwaggo ne, yana tuƙa motar siminti daga Malbaza, kuma tun muna yara ban taɓa mallakar abin da bai ɗauka ba. Hula, takalmi, agogo, har rediyo. Tsakanin taubasai wannan ba sata ba ce, wasa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi, dangi su yi ta yi masa dariya har a wurin suna. Wata rana motarsa ta maƙale a layin duwan, wato kwastan, ya zo ɗakina ya sha ruwa, ya ci abin da ya samu, da zai fita ya saka kwamfutar a hammata. Ya ce ni bawansa ne, bawa da abin hannunsa duk na ubangidansa ne, kuma yana da kokowar bara da yake son kallo a babbar fuska. Na yi dariyar da ta wajaba a kaina.

Sai da fitar takaba ta rage jibi na je Malbaza da kaina na ƙwato ta. Na same shi a ƙarƙashin mota yana shan shayi, duk jikinsa fari fat. Ya miƙo mini ita yana cika baki, wai in gode masa don ya kula da ita fiye da ni. Kullum tana roƙon a yi mata mizajur, wato a sabunta mata kayan cikinta, ni kuma na bar ta da yunwa. Shi ya kai ta wani buro mai intanet na banza, ya bar ta ta sha har ta ƙoshi.

Da na koma Konni na kunna ta, babu zaure. Tambarin masu ƙera ta ya leƙo ya koma, sai kawai na gan ni a gidan ƙasa, wani ƙaton ɗan kokowa da layu har wuya yana harara ta, don taubashin nawa har hoton fuskar ya canza. Na kashe na kunna. Na sake kashewa na sake kunnawa. Na cire batir na hura masa iska na mayar, abin da na san ba ya maganin komai amma hannuna ya yi da kansa. Daga nan na shiga dube-dube a cikin gidan ƙasa ko zan hango na sama ta katanga. Na hango shi. Tsarin buro ya nuna mini shi a matsayin wani fili da bai san na wane ne ba, ya kuma tambaye ni cikin ladabi ko ina so ya share mini shi don in samu wurin ajiya. Na janye hannuna daga kwamfutar gaba ɗaya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da aka kira ni aka ce in taho gida.

Na buga wa taubashina waya, kuma a ranar na gane mugun abin da ke cikin wannan wasa namu. Babu zagin da ya rage mini na gaske, duk mun cinye su a wasa tun muna yara. Na ce masa jaki, ya yi dariya. Na ce masa ɓarawo ɗan asara wanda ko akuya ba za a ba shi kiwo ba, ya ce yau bawa ya ci ya ƙoshi. Duk yadda na ɗaga murya sai ya ƙara jin daɗi, har ina jin yana kiran abokansa su zo su saurara. Game da zauren kuwa, cewa ya yi ai gyara ya yi mini. Da tana tsayar da mutum tana tambaya kamar jandarma a shinge, yanzu kuwa tana wucewa abinta.

Washegari na ɗauke ta na hau kabu-kabu zuwa layin masu gyara na kusa da tasha. Mutanen nan ba ni da abin cewa a kansu wajen waya, na ga sun tayar da wadda ta faɗa rijiya. Amma wajen kwamfuta magani ɗaya gare su, formataj, wato a wanke ta tas a zuba sabon tsari. Na farko ko kunna ta bai yi ba ya ce a wanke. Na biyu ya ce a wanke, kuma zai zuba mini wani tsari da aka kawo daga tsallaken iyaka, da finafinai kyauta. Na uku ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai, har na fara samun natsuwa, ashe hannunsa ya riga ya soka filashin wankin. Na fizge ta har sai da teburinsa ya girgiza.

Kafin wannan lokaci an taru a kaina. Masu kabu-kabu sun kashe injin, mai sayar da rake ya ajiye baronsa, kowa da shawararsa. Wani ya ce zafi ne, in saka ta a firjin mai ƙanƙara. Wani ya ce tun farko laifina ne, ba a haɗa tsari biyu a tukunya ɗaya. Da na ga za su kashe ni da ilimi sai na faɗi gaskiya, na ce muryar mahaifina ce a ciki, ya rasu, kuma gobe mahaifiyata za ta fita takaba tana jiran ta ji. Nan take mai gyaran ya cire tabaransa. Wani dattijo ya ɗaga hannu, duk muka ɗaga, aka yi wa Baba addu'a mai tsawo a tsakiyar kasuwa, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna cewa mutumin kirki ne. Ni kaina sai da idona ya cika. Aka shafa, aka yi mini ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Sannan mai gyaran ya mayar da tabaransa, ya sassauta murya ya ce, "To Malam, sai haƙuri. A wanke ta?"

Abokina da ya gina zauren ya koma Yamai da aiki, kuma mutum ne da ba ya ɗaukar waya, sai dai ka bar masa saƙon murya ya amsa lokacin da Allah ya nufa. Amsarsa ta iso da azahar. Ya ce in kwantar da hankalina, gidan sama yana nan ba abin da ya same shi. Kwamfutar tana da wani ɗaki a ƙarƙashin gidajen biyu, ana ce masa BIOS, kuma a can ne aka jera wanda za a fara tayarwa in an kunna ta. Sabuntawar nan ce ta ture zauren ta sa tsarin buro a gaba. Abin da zan yi kawai in shiga ɗakin in mayar da zauren sama. Hanyar shiga kuwa wani maɓalli ne a layin can na sama, a danna shi daidai lokacin da tambarin ya leƙo, kafin ya koma. Ya ce ƙiftawar ido ce, in ta wuce sai an sake kunnawa.

Na gwada. Maɓallin ya nutse bai taso ba. Na maƙwabcinsa ma haka, duk layin sama ya danƙare. Na kai hanci na ji ƙamshin na'ana'a. Da na sake kiran taubashina ya ce e, shayi ya ɗan zube mata, amma na farko ne mai kauri, ba kowa yake ba wa ba. Akwai wata hanya da abokina ya kwatanta ta cikin tsarin buro, na bi ta ta kai ni wani shuɗin shafi inda abu na farko da idona ya gani shi ne tambayar ko ina so a mayar da kwamfutar sabuwa. Ban tsaya karanta sauran ba. Na aika masa wani saƙon, shiru. Ga shi kuma shinkafa da sukarin sadaka suna wurina, dole in kama hanya.

Mun wuce Malbaza, ina matse tsakanin wata mata mai kaji da buhun albasa, sai saƙon abokina ya shigo. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, in nemi kilabiye mai waya, wato allon maɓallai irin na kwamfutar tebur, in jona, in danna maɓallin daga can. A Konni da na baro akwai su jibge har ana zama a kansu. Na leƙa ta taga, gero ne iyakar ganina. Sai na tuna mijin ƙanwata, akawu ne a wani buro a Illela, kuma da safe zai zo. Na kira shi, ya ce in sha Allah zai taho da na teburinsa.

Na isa gida da la'asar sakaliya. Inna tana zaune a bakin ƙofarta cikin tufafin da ta yi wata da watanni a ciki, ta rame, muryarta can ƙasa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana kuma ba ta doguwar magana da ni. Bayan gaisuwa ta dubi jakar da ke kafaɗata.

"Ka taho da shi?" ta ce.

"Na taho da shi," na ce. Ni kaina ban san ko ƙarya nake yi ba.

Da safe na kai kwamfutar wurin mai cajin waya da hasken rana, ya ɗan ɗura mata abin da ya samu kafin ya rufe ya tafi cin kasuwa wani gari. Batirin nata ya tsufa, ba ya riƙe wuta. Aka yi addu'a, aka raba masa da fura. Inna ta yi wanka ta sa sabon zane, mata suka kewaye ta. Motar da 'yan'uwanta suka yi shata tana tsaye a ƙofar gida, direban ya ce da an yi azahar zai tashi don yana da wasu fasinjoji.

Dabarata ita ce in tare mijin ƙanwata a waje, in karɓi kilabiyen, in shige bayan rumbu in gama aikina ba wanda ya sani. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne ƙanwata. Ita a ganinta miji ba ya shiga gidan surukai da abu tsirara a hannu, don haka ta naɗe kilabiyen a sabon ƙyalle ta haɗa shi da ƙullin goro da sukari. Shi kuma da ya sauka daga babur kunya ta rufe shi, ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gaban Baffa ya ajiye kayan duka. Baffa ƙanen Baba ne, kuma tun rasuwar shi ne babban gida. Ya sa albarka, ya kwance goro ya ba da a raba, ya tura sukari cikin gida, sannan ya kwance ƙyallen ya ɗago kilabiye da wayarsa tana reto. Ya juya shi gaba da baya. Ya tambayi surukin nasa mene ne wannan, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana motsa baki ba a jin komai.

Dole na matso na yi bayani a gaban kowa. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya ce ya fahimta. Muryar yayansa ce aka kulle, wannan kuma shi ne mabuɗin. To shi ya shiga kabari ya karɓe shi, shi kuma zai buɗe masa. Dattawa suka ce haka ne, wannan ita ce magana. Wa zai ce a'a?

Ina son Baffa, kuma ba ni da wani uba yanzu sai shi. Amma Allah bai halicci mutum mai nawa kamarsa ba. Shi ne ke shuka bayan na kowa ya tsiro. In ya tafi kasuwa yana isa ana naɗe tabarmi. Ba ya fara komai, ko da tsinken sakace ne, sai ya yi a'uziyya da bisimilla cikakkiya da salati, ya dubi dama ya dubi hagu ya ce, to jama'a. Wannan mutumin ne aka damƙa wa aikin ƙiftawar ido.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida daidai ƙofar Inna, maza a gefe, mata a gefe. Na jona kilabiyen, Baffa ya ɗora shi a cinya. Na shafa wa maɓallin ɗan toka don kada ya ɓace masa, na ce da zarar tambari ya fito a danna. Ya ce ya ji. Na kunna. Tambari ya leƙo. Baffa ya naɗe hannun riga, ya gyara murya, ya fara a'uziyya. Kafin ya kai ga to jama'a, ɗan kokowa ya daɗe da fitowa yana hararar jama'ar. Wata tsohuwa cikin dangi, wadda idonta ya yi rauni, ta matso ta ƙura masa ido, ta ce Allah sarki, ashe marigayi ya yi ƙiba a can.

Na kashe. Na roƙi Baffa da ladabi ya yi bisimillarsa tun kafin in kunna. Ya ce wannan shawara ce mai kyau, ya yi ta har ƙarshe. Na kunna, tambari ya fito, sai ya sake ɗaukowa daga farko. Da na tambaya ya ce waccan ta kunnawa ce, wannan kuma ta dannawa, kowane aiki da tasa. Liman yana wurin, ya ce Baffa yana da hujja. Karo na gaba muka yi yarjejeniya ya gama duka biyun ya ɗora yatsa a kan maɓallin yana jira. Tambari ya fito. Baffa ya ɗage yatsan ya nuna shi, ya ce wa mutane ga shi nan kuwa ya zo. Sai na ce to ya fara dannawa tun kafin, ya yi ta yi ba tsayawa. Ya yi ta dannawa a hankali kamar mai jan carbi, kuma daidai lokacin da tambarin ya leƙo ya dakata ya ɗago kai ya tambaye ni ko ya isa haka.

A nan bakina ya suɓuce. Na ce, "Baffa, a ɗan yi sauri."

Ban faɗe ta da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Baffa bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni da tausayi ya ce sauri ya kan haifi nawa, dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce yaran lakwal ke nan. Gwaggo ta harare ni daga cikin mata. Ɗanta, wanda ya jawo duk wannan, ya iso tun ɗazu yana tsugune yana cin masa, ya ce a yi haƙuri da bawansa, bai karya ba ne. Mutum ɗaya ne a wurin ya san abin da ake ciki ban da ni, mijin ƙanwata, shi kuma tun da ya zauna yake nazarin yatsun ƙafarsa.

Alamar batir ta koma ja. A waje direba ya taɓa ham sau ɗaya, na tuni. Na dubi kilabiyen, maɓallin yana nan da tokarsa, tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba. Amma a cinyar Baffa yake. In na miƙa hannu na danna a gaban mutanen nan, na gaya wa duk garin cewa ƙanen ubana bai isa ba, a ranar da yake zaune a gurbin uban nawa. In kuma ban miƙa ba, wutar za ta ɗauke, Inna ta shiga mota da alkawarina a wuyana. Na ji haushin Baffa, na ji haushin kaina da nake jin haushinsa.

Sai muka ji muryar Inna. Tsakanin matar wa da ƙanen miji akwai wasa, kuma a da ita da Baffa ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Tun rasuwar ba ta yi wasa da kowa ba, har mun manta da irin bakinta.

"Kai ƙanen miji, ni dai mamaki nika yi," ta ce. "Gemu har ƙirji, an ba ka ɗan maɓallin yara kana ta dangwale, yaron da kay yanka ma rago shi ad da babban, mai tashe ta. Da yayanka na nan, wa ka yi mai haka?"

Mata suka tuntsure da dariya, wasu suna rufe baki da gyale. Baffa ya dubi ɗan maɓallinsa mai toka. Ya dubi wanda ke ƙarƙashin yatsana, zagayayye, shi kaɗai a gefe, har da 'yar fitilarsa. Ya tambaye ni wanne ne babba a cikinsu, in faɗa masa tsakani da Allah. Na ce wanda in ba a taɓa shi ba babu abin da zai motsa. Ya ce shi ma tun ɗazu ya lura, yana jira ne ya ga iyakar rashin kunyata. Ya turo mini kilabiyen ya ce in riƙe tarkacena, ya jawo kwamfutar gabansa.

Ya naɗe hannun riga. Ya yi a'uziyya, ya yi bisimilla, ya yi salati, wannan karon har da ƙarin addu'a ga iyaye da malamai, ni kuwa idona yana kan jar alamar nan ina roƙon Allah a zuci. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce to jama'a, ya danna. Na sauke yatsa a kan nawa na yi ta lugude. Tambarin ya leƙo, bai koma ba. Wani tsohon shafi mai launin toka ya buɗe, cike da Turancin Ingilishi. Na bi kwatancen abokina har na sami jerin. Ga zauren nan a layi na biyu, ba abin da ya same shi. Na tura shi sama, na adana, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Baffa ya tambayi wa ya kunna ta ba da izninsa ba, na ce ai dannawarsa ce har yanzu take aiki. Ya ce ya sani.

Baƙin shafi ya fito da layinsa biyu. Ban taɓa jin daɗin ganin rubutu kamar na ranar ba. Na zaɓi na sama, na yi kuskuren kalmar sirri na sake. Na nemo muryar, na ƙure ƙarar, na matsar da kwamfutar kusa da ƙafafun Inna.

Da farko iska ce kawai da kukan zakara. Sai tari, irin nasa, mai guntun tsaki a ƙarshe. Wata mata ta ce la'ilaha illallahu a hankali. Sannan Baba ya fara magana a tsakar gidansa, yana ba da labarin shekarar da fari ya kore su har suka kai ga cin ganye, da yadda aka haƙa rijiyar unguwa. Baffa ya ce ba haka aka yi ba, shi ne ya fara shiga ramin, ya buɗe baki zai ƙara sai ya fasa, ya ja hularsa ya rufe ido. Taubashina ya ajiye masar da ke hannunsa. Inna ba ta kalli kwamfutar ba, ta karkatar da kai gefe tana kallon ƙasa, yadda take yi in yana magana.

Ana cikin labarin rijiya sai Baba ya katse. Na manta sam da wannan wurin. Muka ji ya juya daga kwamfutar ya ɗaga murya wajen cikin gida.

"Ke, kina nan? A kawo muna ruwa."

"Na'am," in ji Inna. Ta riga ta dafa ƙasa za ta tashi.

Ba wanda ya motsa. Ta tsaya a haka, hannu a ƙasa. A cikin kwamfutar kuwa ba a amsa masa ba, iska ce kawai. Ya sake kira. Aka ɗan jima ya sake, yana gunaguni. Can sai muka ji muryarta ita kanta daga nesa, da ƙarfinta na da, tana cewa tana zuwa, hannunta da ƙullu, ya yi haƙuri mana.

Inna ta koma ta zauna a hankali.

"Ashe haka nib bar shi shina ta kira," ta ce. Ta share fuska da bakin sabon zanenta, ta yi magana ba ta dube ni ba. "Maishe shi baya. Wurin nan."

Na mayar. Da ya sake kira, ta sake amsawa.